Kawunan Baba Kabo

Mahaifina wankin hula yake yi. Da wannan nake fara gabatar da kaina, ko a wurin aiki ko a gidan biki, don in ga wanda zai yatsina fuska in san inda zan ajiye shi. Sunansa Salisu, amma daga Gyaɗi-Gyaɗi har kasuwar Tarauni in ka ce Salisu sai an tambaye ka wane Salisun. Ka ce Baba Kabo kuwa, ko baƙon jiya zai nuna maka gidan. Ni ce ta biyu a 'ya'yansa, Hafsah, ma'aikaciyar jinya. Da kumfar sabulun hulunan mutane aka yi mana karatu, ni da yayana Ja'afar, wanda saboda shi nake wannan rubutu raina a ɓace.

Baba ya baro Kabo yana saurayi, shekarar da aka gama yaƙin basasa. Ya koyi sana'ar a hannun wani dattijo a Fagge, sannan ya dawo Gyaɗi-Gyaɗi lokacin da bayan gidanmu gonar dawa ce. Ya kafa rumfar kwano a ƙofar gida, daidai inda rana ke faɗowa tun hantsi. Kayan aikinsa ba su da yawa: baho biyu, buroshi, sabulu, tukunyar sitaci, dutsen guga na gawayi, da allura. Sai kuma gumagumai na icce da aka sassaƙa kamar kan mutum, waɗanda ake ɗora jiƙaƙƙiyar hula a kai ta bushe da siffarta. Baba kawuna yake ce musu. Sun haura arba'in, kowanne da girmansa, sun sha hannu da sitaci har sun yi santsi suna ƙyalli. Wasu ya gaje su daga maigidansa na Fagge, wasu shi ya je har wurin masassaƙa ya tsaya a kansu aka yi.

Bai san gidan yawancin masu kawo masa wanki ba, amma ya san girman kan kowa. Mutum yana tahowa daga bakin titi Baba zai miƙa hannu ya ɗauko kan da ya dace da shi. Kuma ban taɓa jin ya ce wa wani hularsa ta mutu ba. In bakinta ya cinye ya ɗaure shi, in zare ya zare ya bi shi da allura har sai ka rasa wurin. Yakan ce, "Matar da ta ɗinka wannan wata biyu ta yi tana zuba mata ido. Ni ba zan yar da idon mutum a juji ba."

A saman kantar rumfar akwai wasu kawuna huɗu a jere, daga ƙarami zuwa babba, waɗanda hular kowa ba ta hawansu. Na Ja'afar ne. Na farkon an sassaƙa shi ne yana ɗan shekara biyar, da aka saya masa hular Sallah. Duk sanda kansa ya ƙaru sai Baba ya sa a yi sabo, na ƙarshen kuwa ranar da ya sami gurbi a jami'a. Ni da ba ni da hula har kishi nake yi. Bayan rasuwar Innarmu, in kewa ta taso wa Baba, sai in ga ya sauko da ƙaramin yana goge shi da gefen rigarsa.

Cikin masu kawo wanki akwai mutum biyu da ba sa ga-maciji. Ɗaya Kwamared Garba, mutumin Tarauni, tsohon ma'aikacin masaƙa a Bompai kuma jagoran ƙungiyar ma'aikata har aka rufe masaƙar. Ɗan ɗariƙa ne na gidi, carbinsa ba ya barin hannunsa, a siyasa kuma tun zamanin jam'iyyar talakawa mai alamar mabuɗi bai sauya ra'ayi ba. Ɗayan Malam Habibullah na Daurawa, malamin Islamiyya, ɗan Izala, wandonsa ba ya wuce ƙauri, a zaɓe kuma duk inda Kwamared ya dangwala shi sai ya dangwala kishiyarsa. Ba sa sallah a masallaci ɗaya. Sun taɓa yin musu a wurin ɗaurin aure har aka riƙa janye su, daga ranar ko sallama ba ta haɗa su. Don haka Baba ya raba musu rana. Kwamared ya kawo tasa Talata, Malam ya kawo Laraba, su karɓa ranar Alhamis, ɗaya da safe ɗaya da yamma.

Kowannensu hular fita ɗaya gare shi, damanga, kuma duk biyun sun koɗe sun koma launin ƙasa. Ba wai talauci kaɗai ba ne, ra'ayi ne. Ni da nake kai wa Baba abinci na sha jin karatun kowannensu. Ranar Talata Kwamared zai zauna a benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

"Salisu, ka ga abin da jari-hujja ya mayar da mu? An rufe masaƙunmu, an cika kasuwa da kayan waje, an koya wa talaka jin kunyar rigar jiya. Mutum bai ci ya ƙoshi ba, amma sai ya yi anko!"

Ranar Laraba Malam Habibullah zai zauna a daidai wurin, ya tattare rigarsa.

"Malam Salisu, almubazzaranci ya cinye al'umma. Akwati goma sha biyu na lefe, don Allah yarinyar jiki nawa gare ta? Riya ce kawai da son duniya. Mutum bai biya haƙƙin maƙwabci ba, amma sai ya yi anko!"

Baba ba ya tanka wa kowa. Sai dai in sun tafi ya dube ni ya ce, "Kin ji su ko? Ɗaya da Turanci ya koyo, ɗaya da Larabci, amma duk a kan anko suke sauka."

Aka shiga shekarar da soja suka mayar da mulki hannun farar hula. Wannan kalma ta farar hula ta ba Baba dariya ƙwarai, ya ce to Alhamdu lillahi, mulki ya zo hannun kwastomominsa. Ashe bai sani ba. Sababbin masu mulkin ba sa wanke hula. In ta yi datti sai su miƙa wa direba, su buɗe sabuwa.

A cikin wannan guguwa Ja'afar ya zama na hannun daman wani ɗan majalisa. Ba zan faɗi jam'iyyarsu ba, don da 'yan lema da 'yan masara duk tela ɗaya ke musu ɗinki. Cikin wata shida yayana ya sauya kamar an yi musanyarsa. Ya koma Hotoro, ya sayi mota, ya sayi wata don kada ta farkon ta yi kaɗaici. Na taɓa shiga ɗakinsa na ga huluna jere a kanta har sun kusa taɓa silin, zanna da dara da wadda ake kira mu-haɗu-a-banki, wasu ko takardarsu ba a cire ba. Na ce, "Yaya, kai kuwa kai nawa Allah ya ba ka?" Bai yi dariya ba. Tun daga lokacin bai ƙara kawo wa Baba wanki ba, kawunansa huɗu suka zauna a sama suna shan ƙura.

Ba hassada nake yi ba, Allah ya sani. Ya yi wa Baba alheri, buhunan shinkafa da shaddoji har Baba ya rasa inda zai kai su. Abin da ya tsaya masa a wuya shi ne rumfar. Titinmu nan ne hanyar ogansa, kuma wata rana wani abokin siyasa ya nuna Baba ta gilashin mota, hannu dumu-dumu da sitaci, ya ce ashe wancan ne tsohon Ja'afar. Maganar da aka yi cikin raha ita ta hana yayana barci.

Ya zo ya durƙusa a rumfar, yana tattare babbar riga kada ta taɓa ruwan wanki.

"Baba, ya kamata ka huta haka nan. Me ka rasa? Mutane sai su ce ba na kula da kai."

"Waɗanne mutane?"

"Mutane dai, Baba. Ka ga wurin nan bakin titi ne, in aka yi shago mai gilashi Mufida ta zuba kayan Dubai, ai ya fi wannan jagwalgwalon."

Mufida matarsa ce. Baba ya ɗauraye hular da ke hannunsa, ya ɗora ta a kan icce, ya ja bakinta ya daidaita, sannan ya ce, "Jagwalgwalon nan shi ya kai ka jami'a. Tashi kada rigarka ta ɓaci."

Da maganar ta mutu a nan, ba don idon Baba ba. Yanar ido ta daɗe tana rufe masa gani yana ɓoyewa. Hannunsa ya san aikin, don haka ba wanda ya lura. Amma yana da wata alama da yake yi wa hulunan da suka yi kama, ɗan zare a ciki, kuma na Kwamared ja ne, na Malam Habibullah kore. Wata Alhamis ido ya ƙi raba masa ja da kore. Ya ba Kwamared hular Malam, ya ba Malam hular Kwamared.

Ba wanda ya ji wani bambanci. Ranar Juma'a Malam Habibullah ya tsaya gaban ɗalibansa ya yi awa guda yana ragargazar bidi'a da hular ɗan ɗariƙa a kansa. A yammacin ranar Kwamared ya zauna a da'irar zikiri yana girgiza kai da hular ɗan Izala. Sai da Malam ya cire don shafar kai a alwalar magariba ya ga jan zare. Shi ma Kwamared matarsa ce ta gano masa koren.

Safiyar Asabar ina gidan, sai ga su sun ɓullo ta kusurwa biyu, kowa da hula a hannu kamar ya ɗauko abin ƙyama. Karon farko ke nan cikin shekaru da inuwa ɗaya ta rufe su.

Malam ya ce, "Malam Salisu, wannan wace irin fitina ce? Ka san inda hular nan take zuwa kuwa?"

Kwamared ya ce, "Inda take zuwa ya fi inda taka take zuwa albarka. Ni ne ma abin tausayi, jiya duk zikirin sai na ji kaina ya yi tauri."

"Ai gara ya yi tauri da ya yi ta kaɗawa!"

Baba ya bar su suka yi mai isarsu. Sannan ya laluba ƙarƙashin benci ya ɗauko wani kai guda, baƙin icce mai ɗan tsagu a gefe, ya dire shi a tsakaninsu.

"Laifina ne, idona ne ya gaza, ku yafe ni. Amma ku faɗa mini, wa ta matse a cikinku? Wa ta yi wa yawa?"

Kowa ya dubi hular da ke hannunsa.

"To shekara goma sha tara a kan wannan nake busar da hulunanku. Ta Garba ta sauka, ta Malam ta hau. Ni ban san abin da ke ciki ba, amma daga waje kanku ɗaya ne."

Na tuntsire da dariya har na ƙware. Kwamared ya murmusa, Malam ya haɗe rai amma na ga gemunsa yana motsi. Suka yi musanya, kowa ya kama hanyarsa ba sallama.

Labarin ya zaga unguwa ana dariya. Ja'afar kaɗai ne bai ji dariyar ba, shi hujja ya samu. Ya kira ni ya ce ga shi nan, tsoho ya fara rikita kayan mutane, sai an yi masa aikin ido. A nan gaskiyarsa ce, kuma ni na yi ta zirga-zirga har aka sa rana. Aka shirya za a yi ido ɗaya, bayan sati shida a yi ɗayan, Baba ya zauna a gidana a Darmanawa don kada ƙura da sabulu su shiga. Ja'afar ya ce zai yi amfani da lokacin ya ɗan gyara ƙofar gida, rumfar kuma a matsar da ita gefe. Na ce to. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ɗacinta a bakina. Na san halin yayana, na kuma san me yake nufi da gyara, amma na gaji da faɗa, sai na yi kamar ban gane ba.

Baba ya yi wata biyu a wurina. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ko an shigar da kawuna cikin soro kada ruwa ya taɓa su. Kullum in ce Yaya ya ce an adana.

Kwana uku bayan aikin ido na biyu aka yi walimar buɗe shago. Na bar Baba da bandeji na tafi. Da na sauka daga tasi sai da na duba ko layinmu ne. Babu rumfa, ba a gefe ba, ba a ko'ina ba. A wurinta ga shago mai gilashi daga sama har ƙasa, da jakunkuna da takalma da turaruka. A gaba kuma an jera sababbin huluna a kan wasu kawunan roba farare masu hanci ba ido. An kafa rumfunan haya, mata sun yi anko, maza sun yi anko, har masu raba lemo an yi musu.

Ja'afar ɗan siyasa ne, ya san ƙuri'a ba ta da ɗariƙa ba ta da Izala. Saboda haka ya gayyato Malam Habibullah ya buɗe taro da addu'a, ya gayyato Kwamared Garba a matsayin dattijon unguwa ya yanke ƙyalle. Aka zaunar da su a layin gaba, kujera uku a tsakaninsu, kowa da koɗaɗɗiyar damangarsa a cikin tekun sababbin huluna.

Na zaga bayan gida in gaida masu girki. Matan haya ne, ba 'yan unguwa ba. Sun kafa manyan tukwane uku a lungu. Ina zuwa ɗayarsu ta ce, "Hajiya, wannan icce naku akwai ci! Ga shi a bushe, ga shi ba hayaƙi. A ina kuke samo shi gunduwa-gunduwa haka?"

Na duba murhun. Kawunan Baba ne. Wasu sun zama garwashi, wasu wuta tana lasarsu, siffarsu tana nan. A gefe ga gatari, an faskara manyan don su shiga murhu. Na ga rabin wani ɗan ƙarami a bakin wuta, wanda bai fi ƙwaryar shan fura ba, na gane shi.

Ban san na yi ihu ba sai da na ga mutane a kaina. Matan suka rikice, suna rantsuwa cewa maigidan ne ya nuna musu tarin ya ce tarkace ne, su rage da shi. Ba su da laifi. Ita ma Mufida ban ɗora mata ba, don ko sanin darajarsu ba ta yi ba. Wanda ya san su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya yi wasa da su yana rarrafe, shi ya nuna su da yatsa.

Kwamared ne ya fara isowa, yana dogara sandarsa. Ya dubi murhun sau ɗaya. Tsoho mai shekara saba'in ya durƙusa ya zura sanda cikin wuta yana tonawa, har ya mirgino wani baƙin kai mai tsagu a gefe, rabinsa ya kama. Ya rasa abin kashewa. Sai ga Malam Habibullah a bayansa da butar alwalarsa, ya juye ruwan duka a kai. Hayaƙi ya tashi ya rufe su su biyu suna tari. Shi kaɗai aka ceto.

A can gaba mai lasifika yana ta kiran Malam ya zo ya buɗe taro. Malam ya tafi, hannun rigarsa baƙi ƙirin da gawayi. Kwamared ya bi shi rungume da iccen a cikin babbar rigarsa, yana ɗiga. Malam ya karɓi lasifika ya yi sallama, ya yi salati, sannan ya ce:

"An kira ni in roƙa wa wannan wuri albarka. Ni kuwa ina jin kunyar Allah in ɗaga hannu. Abincin da za a raba muku yanzu, da kayan sana'ar mahaifin mai shagon aka dafa shi, shi kuma yana kwance an rufe masa ido. Kayan da suka ciyar da gidan nan shekara talatin da halal. Don me? Don a sami wurin jera abin da ba wanda ya rasa shi. Jama'a, mun kai inda mutum yake jin kunyar guminsa, yana alfahari da abin da ya sayo. Ni ba zan ci ba, kuma ba zan yi addu'a ba."

Ja'afar ya taso yana murmushin dole zai karɓi lasifikar, sai Malam ya miƙa ta ta gefensa, ya danƙa wa Kwamared. Ni da idona na gani.

Kwamared ya ce, "Kowa a nan ya san ni da wannan malamin ba ma shan inuwa ɗaya. Gobe ma ba zan bi shi sallah ba, shi ma ba zai bi ni ba. Amma yau duk abin da ya faɗa na sa hannu. Mun yi shekaru muna cewa soja su tafi a ba farar hula, ashe hular muka zaɓa, ba kan ba. Ja'afar, ga almakashinka. Nemi wani ya yanka maka."

Ya ajiye almakashin a kan kujera. Suka fita tare, ba su yi wa juna magana ba, ɗaya da buta ɗaya da icce.

Kada mai karatu ya zaci taron ya watse. Mutum bakwai ko takwas ne suka bi bayansu. Sauran suka yi ɗan gunaguni, aka sami wani ya yi addu'a, wani ya yanke ƙyalle, aka ci shinkafa aka sha lemo har da guzuri a leda. Wannan ya fi komai ƙona mini rai, kuma har yau in na tuna sai na ji abinci ya fita daga raina.

Ranar da aka cire wa Baba bandeji ya ga duniya tas, har yana karanta lambar motoci yana dariya. Ban iya gaya masa ba. Na kawo shi gida, ya sauka, ya tsaya gaban gilashin. Ya daɗe yana kallon kawunan robar nan. Da sabon idon da muka yi ta murnar samo masa, abin da ya fara gani ke nan.

Ya ce, "Hafsatu, ina nawa?"

Na gaya masa a tsaye a bakin titi, ina kuka kamar yarinya. Bai yi faɗa ba, bai ambaci sunan Ja'afar ba. Ya tambaya, "Har na saman kantar?" Na ce har su. Ya gyaɗa kai ya shiga gida.

Sati biyu ba ya fita sai masallaci. Ga ido, ga lafiya, ga shinkafa buhu-buhu, amma mutum yana ƙanƙancewa a gabana. Ja'afar ya aiko da sabuwar talabijin, ko kwalinta ba a buɗe ba. Na fara tsoron abin da muke gani a asibiti, tsohon da ba ciwon komai amma ya saki.

Wata Talata aka yi sallama. Kwamared ne da Malam Habibullah, tare, a rana ɗaya. Sun kankare gawayin iccen, sun goge shi da yashi, gefe ɗaya ya ɗan shafe amma yana tsayawa. Kwamared ya dire shi a soro, kowannensu ya cire hularsa ya ajiye, suka tsaya kai ba hula kamar masu laifi.

Malam ya ce, "Malam Salisu, wata uku ba a wanke ba. Har ɗalibai sun fara matsawa baya."

Baba ya dube su, ya dubi iccen, ya shafa tsagun da yatsa. Ya ce, "Hafsatu, ɗora mini sitaci."

Tun daga ranar a soro yake aiki. Da yake kan ɗaya ne, sai hula ɗaya ta bushe ake ɗora ɗaya, don haka dole su zauna jira a benci guda. Suna musu har yanzu, a kan mauludi, a kan zaɓe, a kan komai. In aka kira la'asar kowa ya nufi masallacinsa. Amma da zarar wata ta fito daga shagon da manyan ledoji, sai ka ji sun yi tsaki a tare.

Bayan kusan shekara, wata ranar Laraba, sai ga Ja'afar a soron, rabonsa da shigowa tun walima. Duk muna nan. Ya gaida kowa a sunkuye, ya fito da wata zanna daga leda. Ogansa ne ya cire ta daga kansa ya ba shi a gaban jama'a, kuma ranar Asabar akwai taron da dole a gan shi da ita. Ya kai ta wurin masu wanki da inji, suka dawo masa da ita a lanƙwashe kamar tsumma.

"Baba, an ce kai kaɗai za ka iya tashinta."

Baba ya karɓa, ya juya ta a hasken ƙofa, ya bi zaren da yatsa. "Aiki mai kyau. Wadda ta yi wannan ta sha wahala. Wankuwa za ta wanku, sitaci ma za ta sha. Sai dai a kan me zan ɗora ta?"

Ja'afar ya nuna baƙin iccen, wanda hular Malam ke kai tana bushewa. "Ga wannan."

"Wannan da masu shi, kuma ya yi maka yawa. In na ɗora ta a nan, ranar Asabar har kunne za ta rufe maka."

"To ba wani, Baba?"

Kwamared ya daina jan carbi. Malam ya sunkuyar da kai. Baba ya ninke ledar a hankali, ya mayar da hular ciki, ya miƙa wa ɗansa da hannu biyu.

"Naka guda huɗu ne, Ja'afaru. Tun kana shekara biyar nake ajiye maka su. Yanzu ba ni da kanka."

Ya jawo baho, ya ɗauki buroshi, ya ci gaba da wanke hular Kwamared.